Ranar da Nijar Ta Zo Kurket a Kurkura

A shekarar korona, lokacin da aka ɗan sassauta kulle amma makarantu na rufe, iyaka ma na rufe, ni ne sakataren ƙungiyar kurket ta unguwarmu a Ƙofar Kwaya. Ba zaɓe aka yi ba. Ranar da ake rabon muƙamai ni kaɗai ne wayata ke da caji.

Wanda bai san kurket ba, ga yadda take. Turaku uku ake kafawa a ƙasa, mutum ɗaya ya tsaya gabansu riƙe da wani faffaɗan katako kamar muciyar gidan biki. Wani ya sheƙo da gudu ya jefo masa ƙwallo mai taurin goriba. In ka doke ta, ka ruga ka dawo, a rubuta maka maki. In ta kayar da turakunka, ko wani ya cafe ta a sama, ka fita wani ya shigo. Sauran jama'a kuma suna warwatse a fili, kowa ya riƙe ƙugu yana jiran ikon Allah.

Malam ne ya koya mana. Tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, shi kuma wasu Indiyawa suka koya masa tun yana ɗan makaranta. Kayan wasan na cikin wani buhu a ƙarƙashin gadonsa, yana lallaɓa su kamar kayan lefe. Kullum bayan la'asar sai mu ɗauko buhun mu nufi filin bayan firamare.

To filin nan shi ne rigimar. 'Yan ƙwallon ƙafa sun daɗe suna hararar sa. Da zaman gida ya ishe su, sai kyaftin ɗinsu, wani mai faci da bakinsa ya fi famfonsa iska, ya kai mu ƙara wurin mai unguwa.

Muka je muka zube a ƙofar gida, kowa da takunkumi a haɓa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi annoba, sannan mai faci ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, wannan abin nasu ba wasa ba ne, tsayuwa ce. Ƙarti sun fi goma a fili, mutum biyu ke motsi. In tsayuwa suke so ga layin banki nan."

Mai unguwa ya dubi Malam. "Malam, da wa kuke karawa?"

"Da junanmu, ranka ya daɗe."

"Kullum?"

"Kullum."

"To ai ko dambe sai da wani gari. Ku kawo wasu ku buga in gani da idona. In wasa ne, fili naku ne. In ba wasa ba ne, ku kwashe muciyoyinku ku ba yara wuri."

Nan ya kamata in yi shiru. Amma mai faci ya yi wata irin dariya ta hanci, ni kuma sai na ji bakina ya tafi ba tare da ni ba.

"Ranka ya daɗe, daga ƙasar waje ma za su zo."

Mai faci ya ce, "Ta ina? Ta waya?" Ni ba shi na kalla ba, Malam na kalla. Idonsa ya ciko. Ya kamo kafaɗata, ya tuna da korona ya saki, ya ce tun yana saurayi yake roƙon Allah ya nuna masa ranar da zai yi alƙalancin wasan ƙasa da ƙasa. Na ce, "Malam, ai an gama." A cikina kuwa ina ta salati.

Na yi ta juya maganar har kaina ya yi zafi. Jirage ba sa tashi, iyakar Jibiya a rufe, ni kuma duk wanda na sani a ƙasar waje bai wuce wani da ya taɓa turo mini saƙo wai na ci mota ba. Ana cikin haka mahaifiyata ta miƙo mini kwanon tuwo ta ce in kai wa Kawu a Ƙofar Marusa.

Kawu yayanta ne, Bamaraɗe, mai kawo dabino da cuku Babbar Kasuwa. Rufe iyaka ya rutsa da shi a Katsina shi da abokan tafiyarsa, suka tare a zauren mai masaukinsu. Na yi sallama na shiga, na same su a baje kan tabarmi: masu dara na dara, mai shayi na ta ɗaga buta sama, wani na yanke farce don dai kar a ce ba ya komai. Na tsaya da kwano a hannu ina kallon su. Dukansu 'yan Nijar. Dukansu ba aiki. Wallahi sai na ga kamar an buɗe mini ƙofar filin jirgi.

Na durƙusa na karanta wa Kawu. Ya saurare ni yana suɗe hannu.

"Kai ja'iri, mi ne ne kurket?"

"Duka ne kawai, Kawu. A ba ka sanda, ka doki ƙwallo."

"Wa za mu doka?"

"Katsinawa."

Ya ajiye kwano. "Wane Katsinawa? Mu ne Katsinawan asali. Ku gadin gida munka bar muku, kunka miƙe ƙafa." Ya juya ga mutanensa. "Ku tashi, za mu buga balo da 'yan gadi."

Da na kai wa Malam labari na ɗauka zai kore ni. Ya sa tabarau, ya ce su ba 'yan Nijar ba ne? Na ce su ne. Ya ce Nijar ba tutarta daban ba? Na ce daban. Ya ce to ƙasar waje ce, ko a gaban alƙali. Amma fa akwai sharaɗi. Ya ji a rediyo cewa manyan ƙungiyoyin duniya in sun je wasa wata ƙasa a wannan yanayi, sai an killace su tukuna, ba shiga ba fita.

Na ce, "Malam, mutanen nan tun kafin azumi suke garin nan. Jiya sahu ɗaya muka yi salla da su."

"Jiya 'yan kasuwa ne. Yau tawaga ce. A killace su."

Haka na sayo igiyar leda na ɗaure a ƙofar zauren, na ajiye bokiti da sabulu, na zauna a kan benci a matsayin jami'i. Abin da ban lissafa ba shi ne, a garin nan ba a cewa an yi baƙi mutane su zauna. Labari ya zaga cewa tawagar Nijar ta sauka a Ƙofar Marusa. Matan da jiya suke rigima da Kawu kan kuɗin cuku, yau sun aiko da dambu da fura. Dattawa suka riƙa zuwa sannu da zuwa. In na ce, "Baba, an killace su," sai a ce, "To madalla, Allah ya ba da lafiya," a ɗaga igiyar a shige. Wani tsoho ma ya wanke hannu a bokitina, ya yi alwala da sauran ruwan, ya shiga ya yi musabaha da kowa ɗaya bayan ɗaya. Zauren da da ba mai leƙawa ya koma kamar gidan suna. Kawu ya yi kumatu. Ya kira ni gefe ya ce ko za a iya ƙara wa'adin killacewar nan, don lafiyar jama'a.

Horon kuma ta taga na ba su, tunda Malam ya hana ni tsallake igiya. Ina waje ina nuna yadda ake riƙe katako, su suna ciki suna gwadawa da muciyar matar mai masauki da lemun tsami. Mai shayinsu ya fasa fitila. Wani siriri a cikinsu, wanda ya yi kiwo tun yana yaro, ya ce shi dai a ba shi jifa. Na ce ya gwada. Ya jefo lemu ta taga, ya cire mini hula. Na ce ya isa, ya huta.

Malam ya ƙara da cewa an hana shafa wa ƙwallo yawu, haka dokar duniya ta ce yanzu. Kawu ya ce dama wane ƙazami ne ke lasar balo? Na ce Turawa. Ya ce ai ga irinta nan.

Ranar wasa na ɗauko kurkura uku, irin mai ƙafa ukun nan, aka cusa Nijar a ciki. Daga Ƙofar Marusa zuwa filinmu ba wata tafiya ba ce, shi ya sa na ce wa direbobin su zaga ta bayan gari, su bi duk inda rami yake, don mutane su sauko da alamar gajiya. Suka iso suna miƙa, ɗaya har da amai. A bakin fili na tare su da abin auna zafin nan mai kama da bindiga, wanda na aro a kemis. Ba batir a ciki. Ina saita goshi in ce, "Lafiya lau, wuce." Da na saita wa mai kiwo sai ya ɗaga hannu sama ya ce shi dabino kawai ya kawo.

An kawo wa mai unguwa kujera ƙarƙashin dalbejiya. 'Yan ƙwallo sun jeru kan katangar makaranta, mai faci a tsakiya yana cin gyaɗa. Malam ya fito cikin farar kwat da ta sha guga, ya tsaya a bayan turaku kamar sabon ango. Aka ba baƙi su fara duka. Kawu ya ce shi ne babba, shi zai fara. Aka ɗaura masa matasan ƙafa a kan wando, ya naɗe babbar riga a kafaɗa.

A nan na tuna abin da na manta. Gwanin jifanmu, wani dogon tela da in ya sako ƙwallo sai ka ji tana kuka, 'yar Kawu yake aure.

Tela ya ja da baya kamar yadda ya saba. Ya taho da gudu. Yana zuwa tsakiya ya ɗaga kai ya ga wanda ke gabansa, sai ya ja birki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya mai sunan tsohuwa? Haƙoran sun fito?"

"Sun fito, Baba."

Malam ya ce, "A yi wasa!" Tela ya miƙe, kansa a sunkuye, ya gangaro da ƙwallo a ƙasa a hankali kamar mai miƙa goro. Kawu ya ɗaga katako ya maka mata, ta tsallake katanga, 'yan ƙwallo suka sunkuya. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Tela ya ce, "Amin, Baba."

Na ruga wurinsa. "Kai, jifa za ka yi ko zakka kake fitarwa?"

"Kai ka jefi surukinka in gani."

"Ba ni da mata."

"Shi ya sa bakinka ke da tsawo."

Muka canja mai jifa. Wannan ba ya auren 'yar kowa, ya saki hannu. Kawu ya kai duka ya doki iska, ƙwallo ta watsa turaku. Muka yi ihu. Malam ya ɗaga yatsa sama, wanda a kurket shi ne alamar mutum ya fita.

Kawu ya dubi yatsan, ya dubi Malam. "Malam, ni kake nuna wa yatsa?"

"Doka ce, Alhaji. Ka fita."

"In fita? Daga ina?" Ya juya wajen dalbejiya ya ɗaga murya. "Mai unguwa! Wai in fita! Mun baro ƙasarmu, an tsare mu cikin zaure, an girgiza mu cikin kurkura, yanzu wai in fita!"

Mai unguwa ya gyara zama. "Wa ya ce baƙo ya fita? A unguwata? Malam, baƙo ake kora?"

Malam ya fara bayanin yadda Indiyawa suka koya masa. Mai unguwa ya ce ba a Indiya muke ba, a mayar wa bawan Allah turakunsa. Aka mayar. Kawu ya ci gaba. Aka sake kayar da turaku, ya tsaya yana jira a gyara masa kamar wanda ake yi wa shimfiɗa. Ya ɗaga wata sama ta faɗo hannun yaronmu ɗaya, yaron ya tuna dambun da ya ci a zauren su Kawu, ya buɗe hannu ta faɗi.

Daga katanga mai faci ya ce, "Sakatare! Wannan wasan da sahur ake tashi?" Na saci kallon mai unguwa, na ga ya fara hamma yana laluben takalminsa da ƙafa. Malam kuwa ya tsaya da yatsa a aljihu, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. In mai unguwa ya tashi a haka, fili ya tafi.

Na san Kawu. Ba a korar sa, amma akwai abin da ba ya iya tsallakewa. Na ce wa mai jifa ya ƙara ɗaya. Turaku suka sake watsewa. Kafin Kawu ya buɗe baki na iso da gudu, na rusuna, na kama katakon da hannu biyu kamar mai karɓar jakar baƙo.

"Haba Kawu! Har za ka tafi? Tun yanzu? Ko ruwa ba ka sha ba!"

Ya tsaya. Na ga bakinsa na motsi yana neman hanya. Amma mutum ya shekara sittin yana ba da amsa ɗaya in an faɗa masa haka, ba ranar zai canja ba.

"A'a, bari in je. Rana ta yi."

"Don Allah ka ɗan ƙara zama."

"Wallahi na gode. Wani jiƙon."

"To bari mu taka maka."

Na yafito 'yan wasanmu. Duk suka baro wurarensu, muka sa Kawu a gaba, ni ina ɗauke da katako, tela na biye a can baya ba takalmi. Malam na ta ihu, "Tazara! Tazara!" Muka raka shi har inuwa muna cewa a gaida gida, a gaida mutanen Maraɗi, Allah ya kiyaye hanya. Ya zauna kusa da mai unguwa yana haki, ya harare ni ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɗan banza." Mai unguwa kuwa ya fasa sa takalmi. Ya ce, "Yauwa. Yanzu na ga tarbiyya."

Shi ke nan, hanya ta samu. Duk wanda turakunsa suka faɗi, sai mu taru mu yi mamakin tafiyarsa, ya rantse yana sauri, mu raka shi. Mai shayinsu ya so ya yi gardama, da muka ce ya ƙara zama sai ya ce to, ya koma ya gyara tsayuwa. Kawu ya daka masa tsawa daga inuwa, wai kar ya ja musu abin kunya a ƙasar mutane, ana maka tayi kana karɓa. Ya fito. Har 'yan katanga suka shiga ciki, in an kayar da turaku su haɗa baki, "Har za ka tafi?"

Da muka gama raka Nijar kaf, sai layi ya zo kanmu. Na ɗauka yanzu za mu nuna musu shekarun da muka yi a filin nan. Ni na fara shiga. Kawu ya miƙa wa mai kiwo ƙwallo. Bai ja da baya ba, bai yi gudu ba, ya dai dube ni kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. Ban ga komai ba. Na ji ƙarar turaku kawai a bayana.

Na tsaya ina jiran a zo a ce in ƙara zama. Ba wanda ya motsa.

"Kawu, rakiya fa?"

"Wa ke raka mai gida? Ka san hanya. Fita!"

Haka suka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Malam ya samu damar yatsansa, yana ɗaga shi da ƙarfi har kwat na ɗagewa, ya manta ma cewa mu ne yaransa. Tela ya shigo, ya hango surukinsa na tsaron wani gefe, ya ɗaga masa ƙwallo a hankali daidai ƙirji don kar tsoho ya wahala. Kawu ya cafe ya sa masa albarka. Kafin a kira magariba Nijeriya ta ƙare.

Muka taru gaban dalbejiya. Mai faci ya sauko daga katanga yana karkaɗe ɓawon gyaɗa. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce ya gani da idonsa, wasa ne, har ya fi wasa, tunda ba wanda ya karya ƙafar wani kuma kowa na nesa da kowa kamar yadda hukuma ke so. Filin na 'yan kurket ne. Mai faci ya ce, "Ranka ya daɗe!" Mai unguwa ya ce ya gama magana. Malam ya cire tabarau yana goge ido da gefen kwat. Ni har na fara shirya abin da zan faɗa wa mai faci a hanya.

Sai mai unguwa ya ce, "To su wa suka ci?"

Malam ya ce, "Nijar, ranka ya daɗe."

"To ai ba a ba wanda aka kayar kambu. Alhaji, ga fili nan, amana, har Allah ya buɗe muku hanya."

Kawu ya karɓa da hannu biyu.

Washegari da la'asar muka ɗauko buhu muka zo, muka tarar ya riga mu. Ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, ya baje dabino, mai shayi ya hura gawayi. Muka yi sallama, muka durƙusa, na ce mun zo neman izinin shiga fili. Ya tauna dabino ya tofar da ƙwallon, ya ce ba komai, ai mu 'yan gida ne, mu shiga. Sai dai shi zai fara duka, kuma tela ne zai yi jifa.